KUƊIN DA BANKI YA ƊAURE: BA SU FITA BA, KUMA BA SU TAƁUWA

A yau katin banki ya shiga ƙauye. Tsohon ma'aikaci yana amsar kuɗin fansho da shi. Ma'ajin ƙungiyar manoma yana riƙe da shi. Ɗan kasuwar albasa da mai niyyar zuwa Makka su ma suna da nasu. Kati ya rage wahalar tafiya da kuɗi cikin aljihu. Amma ya zo da wani abu da ke tada hankalin mutane da yawa. Mutum ya duba asusunshi, ya tarar kuɗi sun ragu, alhali bai san inda suka tafi ba. In ya tambaya, a ce mashi: « Kuɗin suna jira. » Mi suke jira? Wa ya tsaida su? Yaushe za su komo?

GA MISALI

A ɗauka wani manomin albasa ne na wajen Galmi. Ya saida amfanin gonarshi, ya ajiye jikka 300 a banki, watau 300.000 F. Ya tafi birni sayen injin ban ruwa na jikka 120. Mai shago yana da ƙaramin injin biya da kati. Aka sa kati, manomi ya buga lambarshi ta sirri. Inji ya daɗe yana tunani, sannan ya ce biya bai yi ba. Mai shago ya ce rezo ne, a sake. Aka sake, wannan karon ya yi, takarda ta fito.

Manomi ya yi lissafi: 300 a ɗebe 120, saura 180. Ya nufi injin banki mai ba da kuɗi, don ya ɗauki jikka 100 na takin zamani da iri. Inji ya ƙi. Ya nemi ganin abin da ya rage, aka nuna mashi jikka 60 kaɗai. Jikka 120 sun yi ɓatan dabo. Ga lokacin dashe ya matso, ga taki bai samu ba.

Ba a sace kuɗin manomin nan ba. Mai shago ma bai amshe su ba. Suna nan cikin asusunshi, amma banki ya ɗaure su.

YADDA BIYA DA KATI YAKE TAFIYA

Kowa ya san cinikin rago a kasuwa. In mai saye da mai saidawa suka daidaita, dillali yana jan ragon gefe, ya ɗaure shi ga turke. Ragon bai bar kasuwa ba tukuna. Amma ba a iya saida shi ga wani. In mai saye ya komo da kuɗi, ya kwance ragonshi ya tafi. In bai komo ba har kasuwa ta watse, sai a kwance ragon ya koma garke.

Haka biya da kati yake. Aiki biyu ne, ba guda ba.

Aiki na farko shi ne neman izini. Da an sa kati, injin mai shago yana aika tambaya ga bankin mai shago. Daga nan tambaya ta bi hanya har bankin mai kati: « Mutumin nan yana da jikka 120? » In akwai, banki ya amsa: « Akwai. » Nan take ya ɗaure jikka 120 ɗin, don kada a kashe su wani wuri. Duk wannan cikin ɗan lokaci ne, kamin mutum ya maida katinshi aljihu.

Aiki na biyu shi ne amsar kuɗi. Mai shago yana tara cinikin da ya yi, ya aika wa bankinshi, yawanci da yamma in zai rufe. Sannan bankuna su yi lissafi tsakaninsu. A nan ne kuɗi ke fita asusun mai kati da gaske. Wannan yana ɗaukar kwana 1 zuwa 3 na aiki, wani lokaci fiye.

Tsakanin aiki na farko da na biyu, kuɗi suna ɗaure ga turke. Shi ne ake cewa suna jira. Bisa takardar banki ko cikin salula, da Faransanci ake rubuta shi: « en attente » ko « en cours ». Ya kamata mai kati ya riƙe kamannin waɗannan kalmomi, don ya gane su in ya gan su.

Hanyar da tambaya ke bi ba guda ba ce. Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA, mai ƙasashe 8 da ke aiki da kuɗin sefa: Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. A shekara ta 2003 aka kafa GIM-UEMOA, wadda cibiyarta take Dakar. Ita ce ta haɗa bankunan ƙasashen nan, har katin wani banki yana aiki ga injin wani. In kuwa kati yana ɗauke da alamar Visa ko Mastercard, yana aiki har ƙasashen waje. Ke nan saƙon da aka aika daga shago a Maraɗi yana iya yin tafiya mai nisa kamin ya komo.

Abin da ya faru ga manomi shi ne: tambayar farko ta isa banki, banki ya ɗaure jikka 120. Amma rezo ya yanke kamin amsa ta komo shago. Injin mai shago bai ji komi ba, ya ce biya bai yi ba. Bisa ƙa'ida, inji yana aika wani saƙo na a kwance kuɗin. In wannan saƙon ma ya ɓace a hanya, kuɗi su zauna ɗaure. Da aka sake, banki ya ɗaure wasu jikka 120. Rago biyu ke nan ga turke, alhali guda aka saya.

LISSAFI BIYU CIKIN ASUSU GUDA

Banki yana riƙe da lissafi biyu ga kowane asusu. Na farko shi ne abin da ke rubuce cikin littafin banki, « solde comptable ». Na biyu shi ne abin da mutum ke iya taɓawa yanzu, « solde disponible ». Bambancin da ke tsakaninsu, yawanci shi ne kuɗin da aka ɗaure.

Ga lissafin manomi:

Ranar saye. Cikin littafi: 300.000 F. An ɗaure: 240.000 F. Abin taɓawa: 60.000 F.

Bayan mai shago ya amshi nashi. Cikin littafi: 180.000 F. An ɗaure: 120.000 F. Abin taɓawa: 60.000 F.

Bayan an kwance na kuskure. Cikin littafi: 180.000 F. An ɗaure: babu. Abin taɓawa: 180.000 F.

Kamin mutum ya yi alkawarin biyan wani, lissafi na biyu ya kamata ya duba.

WAƊANSU DALILAN DA KE SA A GA KUƊI ƊAURE

1. Injin banki ya ƙi fidda kuɗi. Wuta ta ɗauke, ko rezo ya yanke, ko takardun kuɗi sun maƙale. Mutum bai amshi komi ba, amma saƙo ya shigo cewa ya ɗauki kuɗi. Inji yana rubuta duk abin da ya yi. In ma'aikata suka buɗe shi suka ƙirga, za su tarar da rara. In injin na wani banki ne, maganar tana daɗewa, don bankuna biyu ne za su daidaita.

2. Jingina. Otal da masu ba da hayar mota suna ɗaure kuɗi tun farko, don ba su san nawa baƙo zai ci ba. Ranar tafiya su amshi abin da ya ci, a kwance saura. A ƙasashen Turai da Amurka, gidajen mai inda direba ke zuba wa kanshi su ma haka suke yi.

3. Gwajin kati. In mutum ya rubuta lambar katinshi ga wani kamfani na intanet, kamfanin yana iya ɗaure ɗan abu kaɗan, kamar yuro 1 ko dalar Amurka 1. Yana son ya tabbata katin yana aiki. Daga baya a kwance.

4. Suna baƙo. Sunan da ke bisa allon shago ba lalle shi ne ke cikin takardun banki ba. Ana iya ganin sunan mai shagon, ko na kamfanin da ya ba shi inji. Mutum ya yi saye a Tawa, a rubuta mashi Yamai ko Dakar. A duba rana da yawan kuɗi. In sun yi daidai da resi, saye nashi ne.

5. Canjin kuɗi. Tun 1999 sefa take ɗaure ga yuro. Yuro 1 kusan 656 F ne, watau dala 131 da tamma guda, kuma ba ya motsi. Amma riyal na Saudiya yana bin dalar Amurka ne, ita kuwa tana hawa da sauka gaban yuro kullum. Alhajin da ya yi saye a Makka yana iya ganin an ɗaure wani adadi, ranar cirewa a cire wani, da ɗan ƙari ko ragi. Banki kuma yana ɗora ladan canji.

6. Biyan wata-wata. Wasu kamfanonin kallo da na wasanni cikin salula suna cewa a gwada kyauta, amma sai an ba da lambar kati. In kwanakin gwaji suka ƙare, su shiga cira kowane wata. Sau da yawa yaron gida ne ya yi aiki da katin uba, bai san abin da ya amince da shi ba.

7. Ɓarawo. Wannan ne kaɗai mai haɗari, kuma shi ne ba a yi wa jira.

KWANA NAWA AKE JIRA?

Kuɗin da aka ɗaure, ɗayan biyu ne: ko mai kaya ya amshe su, ko su komo ga mai su. Ba su zama ɗaure har abada. In saye ne na shago kuma ba wanda ya zo amsa, yawanci ana kwance su cikin mako guda. Na otal da hayar mota suna iya kai kwana 30. Kowane banki yana da nashi tsari, shi ya sa ya kamata a tambaya tun ranar amsar kati. A tuna Asabar da Lahadi da ranakun salla ba su cikin kwanakin aiki. Abin da aka ɗaure ranar Juma'a da yamma, ba mamaki ya kwana nan har Talata.

Mutane suna jin haushi in ma'aikacin banki ya ce ba ya iya kwance kuɗin nan take. Dalili shi ne banki ya riga ya yi wa mai kaya alkawari. Bai san ko mai kaya zai zo amsa ba. Wanda ya fi saurin warware magana shi ne mai kaya. In ya soke biyan daga wajenshi, ko ya ba da takarda cewa biyan farko bai yi ba, aiki ya yi sauƙi.

YADDA AKE GANE HANNUN ƁARAWO

Ɓarawon zamani ba ya bukatar kati a hannunshi. Gaban kati akwai lamba mai ƙwara 16 da watan da kati zai mutu. Bayanshi akwai ƙaramar lamba mai ƙwara 3. Wanda ya kwafe waɗannan, ko ya ɗauki hotonsu da salula, yana iya gwada saye bisa intanet daga ko'ina cikin duniya.

Yawanci ba ya fara da babban kuɗi. Yana gwada ɗan kaɗan, ya ga ko kati yana da rai, ko mai shi yana barci. In shiru, sai ya kai babban hari. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ƙaramin kuɗin da mutum bai san da shi ba, kada ya ce ai ba yawa.

Ga alamun da ke sa a tashi tsaye:

– saye da aka yi da dare mai kati yana barci;
– saye a ƙasar da bai taɓa zuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa sa katin ga intanet;
– ƙananan kuɗi bi da bi cikin lokaci kaɗan;
– saƙon banki mai ɗauke da lambar tabbatar da saye, alhali ba a sayen komi.

ABIN DA MAI KATI ZAI YI

Na farko, ya rubuta. Rana, lokaci, yawan kuɗi da sunan da aka nuna. Kada ya goge saƙon salula.

Na biyu, ya gwada da resi. Duk takardar da inji ya fidda, a ajiye ta, har wadda ta ce biya bai yi ba. Ita ce ma ta fi amfani. Rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi da rana. A sa ta cikin littafi, a kwafe lambobinta da biro.

Na uku, ya tambayi mutanen gida. Wa ya taɓa katin? Wa aka aika da shi birni?

Na huɗu, in saye nashi ne aka ɗaure sau biyu, ya koma ga mai shago da resi biyu. In injin banki ne ya ƙi fidda kuɗi, ya rubuta wurin da injin yake da lokaci, ya shaida wa bankinshi tun ranar, ko da injin na wani banki ne.

Na biyar, in bai san sayen ba ko kaɗan, ya sa a rufe katin nan take. Da Faransanci ana ce wa wannan « opposition ». Lambar kira tana bayan kati ko cikin takardun da aka ba shi. A kwafe ta cikin littafi tun yau, don in kati ya ɓace ta ɓace tare da shi. Rufe kati ba rufe asusu ba ne. Kuɗi suna nan, ana iya ɗaukar su a gishe da katin ɗan ƙasa har sabon kati ya fito.

Na shida, ya kai kuka a rubuce, watau « réclamation ». Maganar baki iska ce. A rubuta takarda biyu, banki ya buga hatimi da kwanan wata bisa guda, mai kati ya tafi da ita gida. In sata ce, a kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, a amshi takardar shaida.

Na bakwai, kada ya yi nawa. In kuɗi suka bar turke suka fita, bankin mai kati yana da hanyar neman a maido su daga bankin mai kaya. Amma hanyar tana da wa'adi. Ga Visa da Mastercard yawanci kwana 120 ne, kuma banki yana bukatar lokacin shirya takardu. Wanda ya ce sai bayan girbi zai tafi birni, yana iya tarar ƙofa ta rufe.

ABIN DA BA A BIYA

Babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, BCEAO, ya fidda doka a shekara ta 2014, ta fara aiki ranar 1 ga watan Oktoba. Ta jera ayyukan da banki zai yi wa mai asusu kyauta. Cikinsu akwai takardar lissafin asusu sau ɗaya a wata, wadda ake kira « relevé de compte ». Akwai duba abin da ya rage ga injin bankin da mutum yake, da ɗaukar kuɗi ga wannan inji. Akwai kuma biya da kati cikin ƙasashen ƙungiyar.

Ke nan amsar takardar lissafi ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Ma'ajin ƙungiya ya fi kowa bukatarta. Kuɗin jama'a ne a hannunshi. In aka ga giɓi ranar taro, shi za a zarga. In ya nuna takarda, kowa ya ga bambancin abin da aka kashe da abin da aka ɗaure, zargi ya faɗi.

A YI HATTARA DA MAI KIRA

Akwai masu cin moriyar tashin hankalin mutane. Su kira ta salula da murya mai daɗi: « Alhaji, daga banki ne. Mun ga an ɗaure maka kuɗi. Karanto mana lambar da muka aiko maka yanzu, mu kwance su. » Ƙarya ce. Wannan lamba ita ce makullin da ɓarawo ya rasa don ya ƙarasa sata.

Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri mai ƙwara 4. Ba ya tambayar ƙwara 3 na bayan kati. Ba ya tambayar lambar da aka aiko ta saƙo. Wanda ya tambayi ɗaya cikinsu, a kashe waya, a kira banki da lambar da aka sani.

Haka nan gaban inji. Kada a miƙa wa baƙo kati da lambar sirri don ya taimaka. Wanda bai iya aiki da inji ba, ya shiga cikin banki da rana, ya nemi ma'aikaci ya nuna mashi. Lamba kuwa, shi zai buga ta da hannunshi, ya rufe da ɗaya hannun. Kada a rubuta ta bisa kati. A shago, kada kati ya ɓace ma ido. In inji ya ce biya bai yi ba, a dakata a duba saƙon salula kamin a yarda a sake.

Manomin misalin nan, da ya jefar da takardar farko bakin shago, da sai jira. Da yake ya ajiye ta, yana da abin nunawa ga mai shago da banki, kuma ya san jikka 120 ɗinshi suna nan. Littafi guda na dala 20 ya isa. Duk ranar da kati ya fita aljihu, a rubuta layi guda: rana, wuri, kuɗi. Ƙarshen wata a amso takardar banki, a aza ta kusa da littafi, a bi layi-layi. Abin da ya yi daidai, a sa mashi alama. Abin da ke jira, a ba shi mako guda. Abin da ba a sani ba, a kira banki tun rana ba ta faɗi ba.